Shayin da Ba a Sha

Shekara goma sha tara na yi ina tsayuwa a bayan kafaɗar hagu ta Maigida Pei, kuma ban taɓa ɗiga wa baƙo shayi a riga ba. Amma zuba shayi shi ne ƙaramin aikina. Babban aikin kallon hannu ne.

Idan baƙo ya zo ofis, nakan ajiye masa finjali da murfinsa, in ajiye wa Maigida nasa, in ja da baya. Wannan shayin ba na sha ba ne. Yana nan yana hucewa har magana ta ƙare. Da zarar Maigida ya ɗaga nasa da hannu biyu, ko baƙon ya ɗaga nasa ya kai baki, to zama ya ƙare ke nan. Sai in buɗe murya in ce, "A raka baƙo!" Na bakin falo ya karɓa, na tsakar gida ya karɓa, har kiran ya isa wurin Niu mai gadi, ya buɗe ƙofar tsakiya, masu ɗaukar kujerar da aka kawo baƙon a cikinta su miƙe daga inda suka tsuguna. Kiran nan in ya fita ba ya komawa. Na taɓa ganin wani alƙali da ya same shi yana tsakiyar roƙo, ya haɗiye sauran maganarsa ya tashi, don ba mai ci gaba da zama bayan ƙofa uku sun yi masa sallama.

A shekarar da nake magana, Maigida Pei ne shugaban ofishin reluwe na lardinmu. Layin dogon namu ne, da haka aka faro shi. Attajirai sun sayi hannun jari, manoma kuma ana cire musu mudu daga kowane buhun shinkafa a ba su takarda mai jan tambari. Uwata ma tana da guda biyu, ta naɗe su a tsumma tare da 'yan kunnenta. An shimfiɗa ƙarfe tafiyar yini ɗaya a ƙafa, aka kafa ginshiƙan gada huɗu a cikin kogi, sai azurfa ta ƙare. Ginshiƙan suka zama wurin da masunta ke ɗaure jirage. Daga nan fada ta aiko daga Beijin cewa a nemi rance wurin Turawa a ƙarasa aikin.

Ba mu kai ga nema ba, su suka fara zuwa. Na farko ƙaramin jakadan Ingila ne, Mista Ransford, wanda mu 'yan aiki muke kira Mai Agogo, don ba ya zama sai ya ciro agogon aljihu ya ajiye a kan tebur. Shekararsa talatin a ƙasarmu. Yaren manyan ƙasarmu ya fi zama a bakinsa fiye da nawa, ya san sau nawa ake rusunawa a kowace ƙofa, kuma bai taɓa kai hannu ga finjali kafin lokaci ba. Yana riƙe da wata tsohuwar wasiƙa da wanda ya riƙe ofis ɗin kafin Maigida ya rubuta, cewa in an tashi cin rance Ingila za a fara tuntuɓa. Sharaɗinsa uku ne: babban injiniya nasu, ƙarfe daga masana'antarsu, mabuɗin taskar layin kuma a hannun mutuminsu har shekara talatin.

Na biyu Bajamushe ne mai suna Dahlke, mu kuma muna ce masa Jan Gemu. Zuwansa na farko, tun bai gama zama ba ya ɗaga finjali ya shanye, ya ce a ƙaro. Na riƙe bakina. Sabon baƙo akan ɗaga masa ƙafa, sai dai wannan ba doka ba ce, sassauci ne da ke fitowa daga wurina. Daga baya Magatakarda Tu, mai rubuta wa Maigida wasiƙu, ya raɗa wa tafintansa, bai ƙara ba. Shi Jan Gemu cewa ya yi injiniya nasu, ƙarfe daga duk inda ya fi araha, mabuɗi kuwa ya zauna a hannunmu. Amma duk maganar baki ce. Takardar amincewa tana hanya daga ƙasarsu, ya ce a jira shi.

Kowannensu ya ajiye ɗan leƙen asiri a titinmu, kuma Niu ya san su duka.

"Ka ga mai hular can da ke cin taliya?" ya ce mini wata safiya. "Na Jamusawa ne. Kwano huɗu ya ci tun da na buɗe ƙofa, yana auna tsawon zaman Mai Agogo. Wancan mai gyaran lema kuma na Ingila ne. Sati biyu ke nan lema ɗaya yake gyarawa."

"Ba su san juna ba, yaya?"

"Sun sani mana. Jiya ma ɗaya ya ba ɗaya wutar taba. Iyayen gidansu ai tare suke cin abinci ranar Asabar, kowa yana yabon girkin matar ɗan'uwansa. Kai dai je ka dafa ruwanka."

Ana saura kwana tara a rufe hatimin ofis don hutun sabuwar shekara sai ga baffan Maigida daga ƙauye, tsoho mai shekara saba'in da 'yan kai, takalminsa duk laka. Bai tsaya an shigar da katinsa ba, ba shi ma da kati. Ya zauna, ya shanye shayin da na ajiye, ya nuna ni da yatsa.

"Kai, kada ka yi mini ihun nan naku. Ni ƙishirwa nake ji."

Ya zaro wani ɗan ƙullin shuɗin ƙyalle ya ajiye a gaban Maigida. Ya kira shi da sunan yarinta, wanda ban taɓa ji ba sai ranar.

"Asan, kwance."

Ƙasa ce, ja, cikin tafin hannu ɗaya.

"Daga kan kabarin ubanka na ɗebo ta, da hannuna, don gara ni da wani. An zauna a zauren kakanni. Mutanen gunduma uku sun aiko, kowa da takardar shinkafarsa. Sun ce ranar da hatiminka ya hau takardar da ta ba Bature mabuɗin layin nan, za su zo da fartanya su tone shi. Na ƙirga samarinmu, ba za su iya tare su ba, rabinsu ma ba su da niyya. Mu kuma za mu kankare sunanka daga littafin zuriya."

"Baffa, umarni daga fada ya zo. In na ƙi, hulata za a cire."

"To ka yi yawo da kai a buɗe. Ni shekara saba'in nake yi, ban mutu ba."

Maigida ya sa a gyara wa baffansa ɗaki. Tsohon ya ƙi kwana, ya ƙi a ɗauke shi a kujera, ya bar ƙullin a kan tebur ya kama hanya. Maigida ya sa ƙullin a cikin hannun rigarsa na dama, kuma duk rigar da ya sauya daga ranar sai ya mayar da shi can.

Da la'asar suka zauna shi da Magatakarda Tu, ni ina tsaye inda na saba. Mutane suna manta mai shayi kamar yadda suke manta ginshiƙin ɗaki.

"Ba ƙi za mu yi ba, ranka ya daɗe, ba kuma yarda za mu yi ba," in ji Tu. "Mu dai mu kai ranar ashirin da tsakar rana."

Ita ce ranar da masu duba taurari na fada suka zaɓa a shekarar don rufe hatimi. Ana buga gangar tsakar rana za a sa hatimin kowane ofis a akwatinsa, a manna takarda a baki, ba mai buɗewa sai an gama bikin sabuwar shekara, wata guda cur.

"Kafin a buɗe, takardar Jamusawa ta iso," in ji Tu. "Da Mai Agogo ya gan ta, shi da kansa zai jefar da maganar mabuɗi. Ba zai yarda Jan Gemu ya ƙwace masa kasuwa ba."

"Shi ma ya iya ƙirga kwana," in ji Maigida.

Ya iya kuwa. Maigida ya tafi duba ginshiƙan gada ya yi kwana uku, ya dawo ya tarar da katin jakadan yana jiransa. Ya ce ba shi da lafiya, Mai Agogo ya aiko masa da likitansa, Bature da jaka, ya duba harshensa ya ce ya fi shi kansa lafiya. Ranar sha tara kati ya sake zuwa, wannan karon tare da kwafin waya daga Beijin mai cewa a gana da jakadan ba tare da jinkiri ba. Gobe da hantsi zai zo, shi da wakilin bankinsu.

Na sami Niu a bakin ƙofa. Yana da suruki cikin masu ɗaukar kujerar jakadan.

"Wane ne wakilin bankin, yaya?"

"Shekaranjiya ya sauka daga jirgin ruwa. Corbin ne ko me. Ƙato, surukina ya ce kafaɗarsa har yanzu ba ta huce ba. Rigar ulu uku yake sawa, wai an gaya masa ƙasarmu da sanyi, sai ya yi ta haɗa gumi. Hannunsa kuma ba ya zama wuri ɗaya, duk abin da aka ajiye a gabansa sai ya kai baki. Me ya sa kake tambaya?"

"In san girman finjalin da zan ba shi."

"Kai dai maganarka kamar da kuɗi kake sayen ta."

Washegari tun da sassafe na sa aka hura kasko uku a falo, maimakon ɗaya da aka saba, na ja tagogin takarda na rufe duka. 'Ya'yan kankanan da za a ajiye wa baƙi na jiƙa su a ruwan gishiri sau biyu kafin na soya. Na ciro ganyen shayin farkon bazara wanda ake ɓoye wa gwamna, irin wanda ƙamshinsa ke riga mai ɗauke da shi shiga ɗaki. Ban gaya wa kowa ba. Abin da Maigida bai sani ba, in an tambaye shi ba zai yi ƙarya ba. Na kuma san kuɗin abin: mai shayin da ya yi kira inda ubangidansa bai so ba, dukan gora arba'in ne da kora, ni kuwa shekarata arba'in da ɗaya, ga mata ga uwa. Amma na san aikina, kuma na san mutum mai ƙishirwa.

Suka iso da hantsi. Aka yi gaisuwa, aka ja juna kan wa zai fara zama, aka zauna. Na ajiye finjali uku da farantin 'ya'yan kankana. Mai Agogo ya ajiye agogonsa, sannan ya sa yatsa biyu ya ture finjalin Corbin can gefen tebur, ya faɗa masa wata gajeriyar magana da yarensu. Ƙaton ya gyaɗa kai, ya haɗa hannuwansa a kan ciki.

"Babban yaya," in ji jakadan, "yau shayinka zai huce, sai ka yi haƙuri. Na san abin da za a yi da tsakar rana. Na bar mutum a gidan waya da saƙo a rubuce. In ka ɗaga finjalin nan kafin mu gama, na ɗauka ka ƙi. In agogon nan ya nuna sha biyu saura kwata babu hatimi, shi ma ka ƙi. Da yamma jakadanmu na Beijin zai shiga fada ya tambaya ko alkawarin da ofis ɗin nan ya rubuta yana da daraja."

"Ƙanenka mai ƙarancin sani yana saurare," in ji Maigida, yana ƙasƙantar da kansa kamar yadda ladabin manya ya tanada.

Ya nemi a karanta masa takardar sharaɗi bayan sharaɗi. Mai Agogo ya karanta. Ya tambayi faɗin layi, ya tambayi wa zai biya jinyar injiniya in zazzaɓi ya kama shi, ya tambayi ko Jamusawa ba za su ji haushi ba.

"Za su ji," in ji jakadan. "Dahlke abokina ne, zan ba shi haƙuri ranar Asabar. Ka tambaye shi dai ina takardarsa. Ni tawa ga ta a gabanka."

Ni Corbin nake kallo. Da farko ya kwance ƙyallen wuyansa. Can ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya juya ta, ya sa a baki. Bai iya fasawa da haƙori irin namu ba, tsotsa yake yi sannan ya tauna. Kafin a kai sharaɗi na shida faranti ya yi rabi, gumi yana bin gefen kunnensa yana shiga wuyan riga. Sau biyu na sauya shayin da ya huce da mai zafi, kamar yadda aikina ya tanada. Kowane sauyi finjalinsa yakan matso da faɗin yatsa uku, kuma a na biyun na bar murfin a karkace.

Ya dubi finjalin, ya dubi jakadan, ya mayar da hannu kan ciki. Mutumin yana jin magana, wannan kam ba zan hana shi ba. Har agogo ya nuna sha ɗaya da rabi bai taɓa ba.

Tambayoyin Maigida suka ƙare. Ya sa hannun hagu cikin hannun rigarsa na dama, inda ƙullin yake, ya daɗe a haka. Sannan ya ce da Tu, ba tare da ya dube shi ba, "A kawo akwatin."

Tu ya fita ya dawo da shi a naɗe cikin siliki ruwan ɗorawa. Aka buɗe, aka ajiye jan tawada. Mai Agogo ya miƙe ya sunkuya a kan tebur yana lallatse takardar da tafin hannu, yana nuna inda hatimi zai hau, ya ba abokin tafiyarsa baya. Corbin ya ga hatimin a hannun Maigida sai ya saki numfashi, ya jingina, kamar ɗan dako da ya sauke kaya. A wurinsa aiki ya ƙare. Ya kwashi sauran 'ya'yan kankanan ya watsa a baki. Ɓawo ya maƙale masa. Ya yi tari sau ɗaya, sau biyu, hannunsa ya tafi da kansa.

Na ga murfin ya tashi. Na ga finjalin ya bar farantinsa. Na jira har leɓensa ya taɓa, don kada daga baya wani ya ce gyara masa zama kawai yake yi. Maigida bai dube ni ba. Ya riga ya shafa wa hatimin ja.

"A raka baƙo!"

Na bakin falo ya karɓa tun ban rufe baki ba. Na tsakar gida ya karɓa. Muka ji muryar Niu can nesa, muka ji ƙarar ƙofar tsakiya, muka ji an buga ƙarfen da ke shiga gaban kujerar jakada.

Maigida ya mayar da hatimin cikin akwati a hankali, ya miƙe, ya haɗa hannuwa biyu a ƙirji.

Mai Agogo ya juya ya ga finjalin a bakin Corbin. Ƙaton bai san da shi ake ba, ya ci gaba da sha har ya ga ƙasan finjalin.

"Babban yaya," in ji jakadan, murya ƙasa-ƙasa, "kwanansa uku a ƙasar nan. Bai sani ba."

"Ni ma na so ku daɗe," in ji Maigida. "Ga hatimi da ja a jikinsa, kowa a ɗakin nan shaida ne ban ƙi ba. Amma babban baƙo ya nemi tafiya, ƙofa uku sun amsa, titi ya ji. In na tsare ku yanzu, gobe a ce ofis ɗin nan yana riƙe Turawan Ingila bayan sun yi sallama."

Jakadan zai iya komawa ya zauna, kuma na ga yana auna hakan. Amma ya san mai cin taliya yana waje ya ji kiran, ya san kafin Asabar labarin jakadan da ya ƙi tashi bayan an yi masa sallama zai zagaye duk teburan Turawa har Beijin. Saƙon da ya bari a gidan waya kuma ya tashi daga aiki. Ba zai iya rubuta wa manyansa cewa an ƙi shi ba, alhali mutuminsa ne ya tashi zaman ana shirin buga hatimi.

Ya ɗauki agogonsa. Da zai wuce ni sai ya tsinci ƙwaya ɗaya da ta faɗo a kan tebur, ya fasa ta da haƙori kamar ɗan gari, ya ɗanɗana.

"Ya sunanka?"

"Kuang, ranka ya daɗe."

"Kuang, hannunka yana da nauyi wurin gishiri."

"Lokacin sanyi ne, ranka ya daɗe. Ba sa ajiyuwa sai da shi."

"Haka ne," ya ce, yana share goshi. "Falon nan ma sanyi kamar ya kashe mutum."

Maigida ya raka su har ƙofa ta biyu, iyakar abin da muƙamin jakadan ya ba shi. Mai Agogo ya fita titi, amma bai shiga kujerarsa ba. Ya juyo nan take ya miƙa wa Niu sabon kati, ya ce yana neman ganin shugaban ofis. Saura minti goma sha biyu a buga gangar tsakar rana.

Niu ya karɓi katin da hannu biyu, ya ɗaga shi sama da kansa kamar yadda ake yi wa katin manya, ya kama hanya. A ranar ne na fara sanin yana da ciwon gwiwa. Ya tsaya wurin mai rubuta sunayen baƙi, don ba katin da ke wucewa ba a rubuta ba, sai aka tarar tawada ta bushe, dole aka ɗiga ruwa aka shiga niƙa sabuwa. Yana tsakar gida ta biyu ganga ta tashi daga hasumiyar gari.

Maigida ya riga ya sa rigar girma. Aka kunna turare, ya fuskanci arewa, ya durƙusa sau uku ya kai goshi ƙasa sau tara, mu duka a bayansa. Tu ya goge hatimin, ya rufe akwati, ya manna doguwar takarda a bakinsa. Daga nan aka mayar wa jakadan amsa cewa shugaban ofis zai yi farin cikin ganinsa ko yanzu, a sha shayi a yi hirar sabuwar shekara. Bai shigo ba.

Kwana biyu bayan haka wasiƙa ta zo daga ofishin jakadan tana neman a hukunta baran da ya katse ganawar ƙasa da ƙasa. Maigida ya yanke mini gora arba'in da cirewa daga falo. A tsakar gida aka yi, ƙofa a buɗe don mai gyaran lema ya gani. Mai dukan abokin Niu ne, ya iya sa bakin gora ya fara cin ƙasa kafin ya iso jiki. Duk da haka kamar goma sun same ni sosai, sati guda a kife na kwanta. Niu ya zo dubiya da man shafawa.

"Sun ce ihunka a wurin duka ya fi na falo daɗi," ya ce.

"Yaya gwiwar?"

"Ta warke. Ba ta son tsakar rana ne kawai."

Da na tashi aka mayar da ni ɗakin masu rubutu, ina zuba musu shayin da ake sha. A can ne Tu ya fara tsoma yatsa a finjali yana zana mini haruffa a kan tebur kafin su bushe.

Takardar Jamusawa ta iso ranar tara ga sabon wata. Cikin kwana uku Mai Agogo ya aiko cewa maganar mabuɗi ba dole ba ce. Jan Gemu ya rage kuɗin ruwa, Mai Agogo ya janye maganar ƙarfe. Ana cikin haka Faransawa suka ce su ma akwai su, Amurkawa suka buga waya har fada suna neman kaso. Kafin a yage takardar bakin akwati, maganar ta fi ƙarfin lardi, aka ɗauke ta gaba ɗaya zuwa Beijin. Can su huɗun suka daina faɗa suka raba layin a tsakaninsu. Rancen da aka ci daga baya a can aka sa masa hannu, kuma kowa ya san boren da ya biyo bayansa. Hatimin Maigida Pei dai ba ya jikin takardar.

Da lokacin sharar kaburbura ya zo, Maigida ya sa aka kira ni. Shi ne karo na farko da muka haɗu tun ranar rufe hatimi, kuma karo na farko a shekara goma sha tara da na tsaya a gabansa ba a bayansa ba. Ya zaro shuɗin ƙullin daga hannun riga.

"Ka kai wa Baffa. Ka tsaya ka ga an mayar da ita inda aka ɗebo."

"To, ranka ya daɗe."

Na kai bakin ƙofa ya ce, "Ka tafi a kujera. Bayanka bai gama warkewa ba."

Iyakar abin da ya taɓa ce mini game da ranar ke nan.

Tafiyar kwana uku ce. Kabarin yana gefen tudu a saman gonakin shinkafa, an share shi, an ɗora masa farar takarda da dutse. Tsohon ya kwance ƙullin da kansa, ya nemi wani ɗan rami a gefen gabas wanda ciyawa ta fara rufewa, ya juye ƙasar, ya daddanna da tafin hannu. Ya karkaɗe ƙyallen ya sa a aljihu.

A gida ya zaunar da ni a kan benci, ya zuba shayi a kwano biyu masu tsaguwar baki, ya turo mini ɗaya. Na zauna hannuna a kan gwiwa, ina kallon hannunsa.

"Me kake kallo?" ya ce. "Sha, kafin ya huce."